Tsohon da Ya Ƙi a Yafe Mishi Lanho

Jiya da na zo nan meri, ofishin magajin gari, neman takardar haifuwar jikata, na ji ɗayanku, dogon nan mai gilashi, shina ce wa abokinsa wai aikinmu na da ba aiki ba ne. Wai mu dai mu hau doki mu shiga gari, a yanka muna kaza, a zuba muna kuɗi cikin akwati, mu komo gida muna sakace. Ban tanka ba, don takardata tana hannunsa. Yau ta shigo aljihuna, saboda haka ku matso da bencin nan.

Shekara goma sha tara na yi ina karɓar kuɗin gwamnati. Na fara a wani kanto, wato yankin sarki guda, cikin ƙasar Keita da littafin lanho, wato harajin kai, da na jangali, wanda ake biya kan dabbobi. Kaza kam na ci, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma babu kazar da anka yanka mini don ana murnar ganina.

Da na fito lakwal, makarantar boko, ban samu wucewa gaba ba, kawuna ya kai ni wurin Mushe Alasan, magatakardan sarkin kantonmu. Mushe kuwa shi ne malam da faransanci, haka ake kiran duk ma'aikaci. Gajere ne, mai furfura har a gira, ba shi dariya sai in wani ya yi kuskuren lissafi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini regil da fensir da wani ƙaton littafi, ya ce in ja layi. Wata uku ina jan layi. Ran da na yi ƙarfin hali na ce, "Mushe, yaushe zan fara taɓa kuɗi?" sai ya ce, "Ran da layinka ya bar yawo awa hanyar akuya."

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai rajista, babban littafin da ke ɗauke da sunan kowane mai gida da mutanensa da dabbobinsa. Akwai karne, ɗan littafin kitansi, takardar shaidar biya ke nan, kowace da lambarta da gindinta da ke zama cikin karne. In guda ta ɓace ko ta yage, daga aljihunka za a cika kuɗinta. Akwai tampo da ɗan kushinsa na tawada, wanda zafin dabagi, tudun duwatsun nan, ke busarwa tun kafin azahar, sai ka juya baya ka ɗan tofa mishi yawu kada mai gari ya ga yadda ake yin hatimin gwamnati. Sai alƙalamin biki guda biyu, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo, da dogarin sarki guda, wanda aikinsa gadin akwati ne amma ya fi ƙwarewa ga gadin akushi.

Fita ta farko da Mushe ya bar ni na riƙe karne, wani gari ne a bakin kori mai Mahamadu shida. Biyu cikinsu sunan ubansu Abdu. Guda ya biya, na rubuta kitansi, na ɗaga kai na kira suna, sai ɗayan ya miƙo hannu. Ya karɓa, ya yi godiya, ya sa a hula ya yi gaba. Sai da munka isa gida Mushe ya gano, ranar na fara ganin haƙoransa. Ku in kun yi kuskure, wani abu kuke dannawa ya goge. Mu da ƙafa ake goge kuskure. Washegari na koma a ƙasa, cikin duwatsun nan masu cin takalmi. Na tarar da Mahamadun shina gyaran darni, ya ce, "Af, ni cewa nike gwamnati ta yi mini sadaka." Sai da liman ya sa baki kana ya ciro ta daga hula. Tun daga ranar, a littafina kowa da laƙabinsa: Mahamadu Mai Jaki, Mahamadu na Bayan Rijiya.

Karɓar kuɗi ba ita ce wuyar ba. Wuyar ita ce ƙidaya, don ran da anka ji muna tafe, rabin gari kan ɓace. Mushe ya koya mini kada in dubi bakin mai gida, in dubi tsakar gidansa. In ya ce akuyarsa uku, ka ƙirga turaku. In ya ce su huɗu ne gidan, ka ƙirga ludayi. Wata rana wata mata ta rantse muna mijinta ya tafi Abijan tun kaka, babu ko labarinsa. Tana cikin rantsuwa sai rumbu ya yi atishawa. Mushe ya juya da natsuwa ya ce, "Yarhamukallah, Malam Rumbu. In ka ga mai gidan nan can Abijan, ka ce mishi muna gindin gawo har la'asar." Kafin la'asar mutumin ya iso da ƙaiƙayi a gemu.

Wani abu kuma da ba ku sani ba, albashinmu bai taka kara ya karya ba. Cikin abin da anka tara, akan maido wa sarki wani kaso, shi kuma ya tsakuro muna. In lanho ya cika, gidana a ci tuwo da nama. In bai cika ba, a ci da haƙuri.

Cikin garuruwan da nike bi, akwai wani ƙarami a kan dabagi bayan Ibohamane. Mutanensa manoma ne, amma kakanninsu kiwo sunka yi wa mutanen arewa masu raƙuma, a ƙarƙashinsu sunka zauna. Nan akwai wani dattijo, Baba Agali, dogo, baƙi, da rawani har bisa hanci. Shi kaɗai ne a kanton duka bai taɓa ɓoye ko ɗan akuya ba. Tun ba mu sauke akwati ba shina tsaye da kuɗinsa a ƙulle a bakin rawani. In na ba shi kitansi sai ya ce in nuna mishi inda sunansa yake, ya ɗora yatsa a kai, kana ya sa ta cikin wata gafaka ta fata. Har tsokanarsa ake yi a garin, ana ce mishi ɗan lelen gwamnati.

Sai ga shekarar babban fari. Kun ji labarinta ga kakanninku, ba sai na faɗa muku abin da mutane sunka ci ba. Mushe Alasan ciwon ƙafa ya hana shi hawa doki, ni kaɗai na fita da dogari. Shanu sun mutu, amma a rajista suna nan da ransu, don ba a sake ƙidaya ba. Mutane sun watse kudu, amma sunansu na nan. Dokar kuwa tun ta zamanin Nasara ce: garin da bai cika ba, mai garinsa za a tsare har ya cika. Na shiga garuruwa inda babu wanda ya ɓoye a rumbu, don babu wanda ke da ƙarfin hawa.

Da munka isa garin su Baba Agali, ya fito kamar kullum, sai dai rawanin ya yi mishi yawa. Ya kwance bakin rawani ya biya lanhon kansa da na mutanen gidansa. Daga baya na ji jakinsa na ƙarshe ya sayar. Na buɗe shafin jangali, sai ga shanu bakwai a gaban sunansa.

Ya ce, "Karanta, ɗana. Nawa anka rubuta?"

Na ce, "Bakwai, Baba."

Ya shiga gida ya jawo wani buhu, ya zazzage shi a gabana. Ƙahoni ne. Ya jera su biyu biyu a kan ƙasa, shina kiran sunan kowace saniya.

Ya ce, "Ga su nan, ba su ɓace ba, ban ɓoye su ba. Kuɗi ba ni da shi. Ka tahi da su, kak a ce Agali ya ƙi biya."

A wata ukun da na yi ina jan layi, babu inda anka koya mini yadda ake rubuta kitansin ƙaho. Na ce wa dogari ya ɗaure buhun bayan sirdi. Da munka kai gida sarki ya leƙa ciki, ya sa anka ajiye shi a lungun zaure.

Ba a jima ba soja sunka karɓi mulki, anka turo sabon perefe Tawa. Shi ne wanda ku yanzu kuke ce ma gwamna. Anka aiko cewa zai zagayo kantonmu ya ji ta bakin talakawa. Ana gobe zai zo sarki ya kira ni ya ce, "In ya tambaye ka, karanta abin da ke cikin littafi. Kada ka rage, kada ka ƙara." Na gane nufinsa. Ba mu san halin mutumin ba, kuma in littafi ya rame, kasonmu ma ya rame.

Anka taru gindin gawo, masu gari a gaba, ma'aikata a kan kujeru. Perefe siriri ne, ba shi da yawan murya. Bayan gaisuwa ya ce ina mai littafi. Na miƙe da rajista a hannu. Ya ce in karanto mishi shanun kanton gari gari. Na karanta tsaf, ban rage ba, ban ƙara ba.

Ya ce, "Madalla. Tun safe nike cikin ƙasarku ban ga ko guda ba. Ina suke kiwo?"

Na dubi sarki. Sarki ya dubi takalminsa. Can sai sarki ya ɗago kai ya ce wa dogari, "Je ka zaure ka ɗauko buhun nan."

Anka zazzage ƙahonin a gaban teburin perefe. Sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, ga jangalin bana. Na mutum guda ne. In kana son na sauran, sai a kawo motar kamyo."

Perefe ya duƙa ya ɗauki ƙaho guda, ya jima shina juya shi. Kana ya faɗi ra'ayinsa, ba da kwana-kwana ba. Ya ce shi a ganinsa jangali ya kamata a ɗauke shi gaba ɗaya. Lanho a rage shi yadda manomi zai biya ba tare da ya sayar da iri ba. Tsofaffi kuma a cire su, sun biya nasu ya isa. Ya ce ba shi ke yanke magana ba, Yamai ke yankewa, amma ya rubuta, zai kuma sake rubutawa, kuma kafin amsa ta zo kada a sake tsare wani mai gari.

Sai direktan lakwal ɗinmu, mutum mai son magana, ya miƙe ya gyara wuyan riga. Ya ce da faransanci, tunda ana ragi, su ma ma'aikata ana yanke musu haraji a albashi kowane wata, ya kamata a duba su. Perefe ya amsa mishi da Hausa don kowa ya ji.

Ya ce, "Mushe, albashin naka ya mutu a farin nan?"

Direkta ya ce, "A'a."

"Ko ya rame?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To, bari mu fara da waɗanda nasu ya mutu."

Masu gari sunka yi dariyar da sunka kwana biyu ba su yi ba. Ni ma na yi, har na tuna nawa abincin ne ake shirin ragewa, sai na bari.

Bayan wasu watanni takarda ta zo. An ɗauke jangali, an rage lanho, an ce a soke na tsofaffi. Na zauna da regil da jan biki ina ja musu layi ɗaya bayan ɗaya, layi miƙaƙƙe wanda ko Mushe Alasan bai samu abin cewa ba. Kana na bi gari gari ina sanarwa. Kuna tsammani guɗa anka yi? Wani mai gari ya ja ni gefe ya ce, "Mushe, faɗa mini gaskiya, mi za su karɓa madadinsa? Ɗiyanmu za a kai soja?" Abin da dai na lura, a shekarar tsofaffi sunka yawaita. Na ga mai shekara arba'in ya zo da sanda shina tari.

Ran wata kasuwa ina zaure ina aiki sai ga Baba Agali, ya taka tun daga dabagi. Ko ruwa bai sha ba ya kwance bakin rawani ya ajiye kuɗi a kan rajista.

Na ce, "Baba, ai an yafe maka. Ɗanka Bubakar ya biya na gidan, kai babu komi a kanka."

Ya ce, "Nuna mini sunana."

Na buɗe. Ya ɗora yatsa, ya bi jan layin tun daga farko har ƙarshe.

"Wa ya kashe ni?"

"Ba kashewa ba ce, Baba, hutu ne. Gwamnati ta tausaya muku."

"Ni na roƙe ta?"

Dogarai sunka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya zauna ƙasa, ya ciro gafakar nan, ya zazzage kitansi a kan tabarma, wasu sun yi ja don tsufa.

Ya ce, "Ɗana, kai yaro na, ba ka sani ba. Ubana har ya mutu ba shi da suna ga littahi. Ƙarƙashin sunan ubangijinai anka rubuta shi, tsakanin raƙuma da awaki. Ni na sare dajin gonar nan ta bakin kori da hannuna. Ran da na hwara biyan lanho da sunana, ran nan gonar ta zama tawa. Jikokin mutanen nan suna nan, sun san hanya. In sunka zo gobe sunka ce ƙasar kakansu ta, mi za ni nuna? Jan layi?"

Babu wanda ya sake dariya. Na ce ya ba ni kwana uku.

Kuɗinsa ba ni da ikon karɓa, don babu layin da zan sa su. Kitansi ba ni da ikon ba shi, don kowace takarda da ta fita karne sai da kuɗinta a akwati. Na je gida wurin Mushe Alasan shina kwance da ƙafa a kan matashi. Ya saurara, ya ce, "Takardar ta ce a soke kuɗi ko a soke mutum?" Na koma na sake karantawa. Kuɗi ta ce. Ni ne da zaƙin hannu na soke mutane. Ranar Mushe ya sake nuna mini haƙoransa.

Na hau har Keita na yi wa suprefe, babban jami'in gwamnati na can, bayani. Ya yarda a maida sunayen, a rubuta "an yafe" a gaban kowane, wanda kuma ke son takardar shaida a yi mishi. Kwana tara na yi ina sake kwafe shafuka.

Na rubuta wa Baba Agali tasa da hannuna: sunansa, sunan garinsa, cewa mai gida ne, ya biya lanho shekara da shekaru, yanzu an yafe mishi don tsufa. Sarki ya sa hannu, na buga tampo. Na karanta mishi sau biyu. Ya ɗora yatsa a kan sunan, ya gyaɗa kai, kana ya ce, "Nawa na?"

Na ce, "Kyauta ce."

Ya turo mini ita. "Takardar kyauta ba ta riƙe gona."

Can na tuna da tambur, ɗan kan sarkin nan da ake liƙa wa takardun biro, wanda saye ake yi. Na ce, "To, akwai wani abu da ake liƙawa, amma da kuɗi, kuma ba dole ba ne." Fuskarsa ta washe. Ya ce a liƙa biyu. Na ce guda ya isa. Munka yi ta ja, ni ina ragewa shi shina ƙarawa, har sarki ya ce a bar shi ya sayi biyun a huta. Ya lashe su da kansa ya manna.

Kasonmu ya ragu ƙwarai, kamar yadda na yi tsoro. Aikin kanto bai iya riƙe ni ba, na koma yankan tike, takardar kuɗin kasuwa, a kasuwanni, na yi Tama a ƙasar Buza, daga nan anka kai ni Bangi ta Madawa. Ina can fari na biyu ya zo. A shekarar ne manzo ya iske ni cikin kasuwa, wai sarkinmu na da shina nemana.

Na tarar da zaure cike. Baba Agali ya rasu shekara biyu kafin nan. Dabbobin arewa sun sake ƙarewa, wasu mutane biyu sun gangaro sun ce gonar bakin kori ta kakansu ce, aro anka ba uban Agali. Ba mugaye ba ne, yunwa ce ta tuna musu da ita. Bubakar, ɗan Agali, shina zaune da gafakar ubansa a cinya. Ya zazzage ta. Anka jera kitansi a kan tabarma shekara bayan shekara, babu wadda ta yi giɓi, ta ƙarshe ita ce mai tambur biyu.

Sarki ya miƙo mini ita ya ce, "Hannunka ne?"

Na ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe."

Ya juya ga baƙin ya ce su kawo tasu takardar, ko ta shekara guda da sunka biya wani abu a garin. Babbansu ya dubi tabarmar ya jima, ya ce, "Wannan tsoho, har gwamnati ta ce ya bari bai bari ba?" Sarki ya bar wa Bubakar gonarsa. Bubakar kuma, ba wanda ya sa shi, ya yanka musu gefe guda su noma damina biyu, amma ya ce sai an rubuta aro ne. Ni na rubuta. Tambur biyu ya sa anka liƙa.

Da munka fito Bubakar shina ɗaure gafakar, ya ce, "Mushe, yanzu wa ke zuwa karɓar lanho garinmu?"

Na ce wani yaro ne sabo, ban san shi ba.

Ya ce, "In ka gan shi ka ce mishi bana ma ba mu samu komi ba. Amma in ya hito, ya hwara da gidanmu."